Jiki Magayi, In Ya Ga Dama

Ku matso kusa, jama'ar "ni ƙalau nake", yau da ku nake. Ku ne in aka ce ku miƙo hannu a auna jini sai ku naɗe hannun riga ku nuna mana ƙwanji, ku ce wanda ya tashi da malmala uku da daddare, da asuba ya taka da ƙafarsa zuwa masallaci, me zai kai shi gaban likita? Shugabanku shi ne Alhajin nan na bakin kasuwa, wanda rabonsa da allura tun ranar da aka yi masa lamba a damtse yana ɗan firamare. Mataimakiyarsa Hajiya ce, wadda duk abin da ya same ta a duniya sunansa gajiya. Sakataren ƙungiya kuwa samarin shayi ne, masu digiri a fannin "duk ƙarya ce, kuɗi suke nema".

Kalma ɗaya na kawo muku, ta Turanci, wadda ta faɗo mana a 2020 ba sallama. Turawa suna rubuta ta asymptomatic, mu kuwa bakinmu ya fi sakewa da asimtomatik. Kafin korona, in ba ɗalibin likitanci ba ne kai, babu abin da ya haɗa ka da ita. Daga ranar 27 ga Fabrairu 2020, da aka tabbatar da cutar a jikin wani ɗan Italiya a Legas, sai ga ta a bakin kwamishinoni, a bakin 'yan jarida, har a bakin mai gadin da ke ɗora mana ƙaramar bindigar awon zafi a goshi. Ana ta sanar da adadi kowane dare, ana cewa yawancinsu asimtomatik ne. Ku kuma kuka ce to, mun gane, wato lafiyayyu ne aka tara ana ƙirgawa.

Kuma ba zan hana ku abin dariyarku ba. Bidiyo ya yi ta yawo na waɗanda aka killace suna rawa, suna buga ƙwallo, suna neman ƙarin nama a miya. A Gombe ma, cikin watan Mayu na shekarar, waɗanda aka killace sun fito da ƙafarsu sun tare hanya suna zanga-zanga a kan ba a kula da su. Wani a majalisa ya ce shi dai tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin majinyaci ya yi zanga-zanga ba, majinyacin da ya sani kwanciya yake yi yana nishi. Aka kwashe da dariya, aka rufe shari'a. To, yau na zo ɗaukaka ƙara.

Kalmar ba ta da wani sihiri. Daga harshen Girka aka gino ta: harafin "a" na farkonta korewa yake yi, kamar mu ce "babu" ko "maras", saura kuma daga kalmar da ke nufin abin da ya auku ga mutum. Amma wurin da ya kamata ku buɗe kunne shi ne, likitoci sun raba alamar cuta gida biyu, mu kuwa mun haɗe su a kalma ɗaya. Akwai abin da majinyaci yake ji ya faɗa da bakinsa: kaina na sarawa, cikina na murɗawa, ina jin jiri, bakina ɗaci. Wannan shi ne simtom. Akwai kuma abin da wani yake gani ko ya auna, ko mai jikin ya sani ko bai sani ba: ma'aunin zafi ya nuna 39, farin ido ya yi ɗorawa, saifa ta kumbura a ƙarƙashin tafin likita, jini ya nuna 170 bisa 100. Wannan suna ce masa sayin. To asimtomatik magana ce a kan kashi na farko kaɗai. Ma'anarta ita ce mutumin bai kawo ƙara ba. Ba ta ce babu laifi ba, ba ta ce cutar ƙarama ce ba, ba ta ce zai harbi wani ba, ba ta kuma ce ba zai harba ba. Duk sauran abin da kuka ɗora mata, ku kuka ɗora.

Na ji Alhaji ya gyara murya daga can baya. Jiki magayi, in ji shi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranka ya daɗe, karin maganar jiki magayi dai ka san ba a kan asibiti aka yi ta ba, gargaɗi ce ga mai taurin kai cewa abin da kunne ya ƙi ji jiki zai ji. Wato ma da kai take. Amma bari mu ɗauke ta yadda ka kawo ta. Wane jikin ne magayin? Na Bahaushe? Mutumin da za ka tarar a gadon asibiti, an saka masa ledar ruwa a hannu ɗaya, ta jini a ɗayan, roba a hanci, ka ce "Ya jiki?" ya ce "Da sauƙi"? Mu da ko gawa za a tambaya, da tana magana, "Alhamdulillahi" za ta ce? In dai shaidar baki ce, babu wanda ya kai mu ɓata wa likita lissafi. Rabinmu ma ba asimtomatik ba ne, kunya ce da dauriya. Mutum zai yi wata shida yana tashi fitsari sau biyar a dare, yana shan ruwa kamar ya dawo daga Agadas a ƙafa, ka tambaye shi ya ce zafin gari ne. Wannan yana da simtom, ƙin faɗa ya yi. Ajinsa daban.

Wanda kalmar ta dace da shi shi ne wanda da gaske ba ya jin komai, kuma da za a ba shi Alƙur'ani zai dafa ba tare da ya yi ƙarya ba. Irinsu suna da uwargida a tarihi, kuma da tana raye da ita za ku naɗa shugaba, Alhaji ya koma mataimaki.

Sunanta Mary Mallon. An haife ta a Ailan a 1869, ta yi ƙaura zuwa Amurka tana budurwa, ta zama kuku a gidajen masu kuɗin New York. Mace ce ƙaƙƙarfa, mai jini a jika, gwanar girki. A 1906 wani ma'aikacin banki mai suna Charles Warren ya kama gidan hutu a Oyster Bay, ya ɗauke ta aiki. Ba a jima ba mutum 6 cikin 11 na gidan suka kwanta da taifot. Abin ya ɗaure wa kowa kai, domin a lokacin taifot cutar unguwannin talakawa ce masu shan ruwan da ya gauraya da ƙazanta, ba ta masu gidan hutu a bakin teku ba. Masu gidan, don tsoron kada a daina kama musu haya, suka ɗauko wani injiniyan tsafta, George Soper. Ya duba ruwa, ya duba madara, ya duba masai, bai ga komai ba. Sai ya lura an canza kuku 'yan makonni kafin ciwon ya ɓulla. Ya bi sawun gidajen da ta yi aiki a baya, ya tarar kusan duk inda ta sauke kayanta taifot ya sauka tare da ita. Girkin da ya sha wuta ba shi da matsala, zafi yana kashe ƙwayar. Abin da ya fi zargi shi ne askirim ɗin da take haɗawa da ɗanyen 'ya'yan itace da ta yanka da hannunta.

A 1907 Soper ya same ta a wani kicin a New York, ya yi mata bayani cikin ladabi cewa yana son samfurin jininta da fitsarinta da bayan gidanta. Ku faɗa mini gaskiya, Hajiya, wani ƙato ya shigo miki madafa kina tsakar aiki ya nemi waɗannan abubuwa uku, da me za ki raka shi? Ita da cokali mai yatsu na yanka nama ta raka shi, ya fita da gudu. Sai da aka turo likita mace, Josephine Baker, da 'yan sanda, aka yi awanni ana nemanta, aka kamo ta, likitar ta zauna a kanta a cikin motar asibiti har aka isa. Gwaji ya nuna ƙwayar taifot tana fita a bayan gidanta. Ƙwayar kan samu mafaka a matsarmamar wasu mutane ta zauna shekaru, mai ita yana cin abincinsa yana barcinsa. Aka killace ta a tsibirin North Brother. A 1910 aka sake ta bisa alƙawarin ba za ta ƙara girki ba. Ta gwada wanki, kuɗin bai kai na kuku ba, kuma har cikin zuciyarta ba ta yarda tana ɗauke da komai ba, tunda ba ta taɓa sanin ta yi taifot ba. Sai ta canza suna ta koma tukunya. A 1915 taifot ya ɓarke a asibitin haihuwa na Sloane, mutum 25 suka kamu, 2 suka mutu, aka leƙa kicin aka ga wata "Misis Brown". Aka mayar da ita tsibirin, ba ta sake zaman gari ba har ta rasu a watan Nuwamba 1938. In aka haɗa, shekara kusan 26 ta yi a killace. An danganta mata kamuwar mutum fiye da 50 da mutuwar aƙalla 3.

Hujjarta tun daga farko har ƙarshe ita ce taku: ni ƙalau nake. Kuma ba ƙarya ta yi ba. Ita ƙalau take. Waɗanda suka sha askirim ɗin ne ba ƙalau ba.

To, samarin shayi za su ce wannan labarin Turawa ne na shekara ɗari, a kawo na gida. Ga na gida, kuma mai ɗaci. Shan inna. Cikin yaran da ƙwayar ta shiga cikinsu, wajen kashi 70 cikin 100 ba sa nuna komai, ko zazzaɓin kwana ɗaya. Wasu su yi ɗan zafin jiki ya wuce. Ɗaya cikin 200 ne ƙafa ke shanyewa ba ta dawowa. Ka ga kenan duk yaro ɗaya da ka gani yana jan ƙafa, akwai ɗaruruwa a unguwar da suka ɗauki ƙwayar, suna wasan langa, suna fitar da ita a bayan gida makonni. Uban da ya tsaya a ƙofar gida ya ce wa masu ɗigon rigakafi "'ya'yana lafiyarsu lau, ku je ku nemi marasa lafiya" gaskiya ya faɗa gwargwadon abin da idonsa ya gani. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano, aka dawo da shi a tsakiyar 2004, kuma a tsakanin nan da abin da ya biyo baya ƙwayar ta tsallaka ƙasashe wajen 20, har Yaman da Indonesiya. Ba guragu ne suka kai ta can ba, masu ƙafa biyu lafiyayyu ne suka hau mota da jirgi. Shi ya sa masu farautar cutar ba sa jiran a kawo musu yaro a goye, kwata suke bi suna ɗibar ruwan ƙazanta suna kaiwa ɗakin gwaji. Da haka aka kai ga ranar 25 ga Agusta 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar ta daji. Da irin wannan awon kwata ne kuma Landan ta gano ƙwayar shan inna a magudananta a 2022, alhali ba a ga yaro ko ɗaya da ya shanye a birnin ba.

Sauran ba sai na ja ba. Zazzaɓin Lassa, wanda ya samo sunansa daga garin Lassa na Borno a 1969, kusan kashi 80 na masu kamuwa ko dai ba sa jin komai ko abin ya zo da sauƙi. Ƙwayar sanƙarau tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa da ba za su taɓa sanƙarewa ba. Maleriya kuwa, ina kuke zaton take ɓuya da rani, sa'ad da kududdufai suka ƙafe sauro ya yi ƙaranci? A jinin irin su Alhaji, manya da jikinsu ya saba da ita. Damina ta faɗi, sauro ya ɗiba daga majiya ƙarfi ya kai wa jikan da ke goye.

Yanzu bari in ba ku abin da za ku yi mini dariya da shi, don kada ku ce na zo kare masu farar riga. Su ma kalmar ta sha kayar da su. Ranar 8 ga Yuni 2020 jami'ar Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da korona, Maria Van Kerkhove, ta ce da wuya ƙwarai asimtomatik ya harbi wani. Duniya ta ɗauka, masu ƙin takunkumi suka yi biki. Washegari ta dawo tana gyara zance. Inda gizo ke saƙar shi ne, mutum iri uku ake cusawa a buhu ɗaya. Akwai wanda ba zai taɓa jin komai ba har ƙwayar ta fita. Akwai wanda yau ba ya ji, jibi zai kwanta, wanda Turawa ke kira firisimtomatik, kuma a korona irinsa yana cikin mafiya yaɗawa, domin ƙwayar ta fi yawa a hanci da maƙogwaro daf da fara ciwo. Akwai kuma mai ɗan kaikayin maƙoshi da ya ɗora wa ƙura ko ruwan sanyi. Ranar gwaji duk ukun amsa ɗaya za su ba ka. A jirgin ruwan shaƙatawa na Diamond Princess, da aka tsare a Yokohama ta Japan a Fabrairu 2020 da mutum 3,711 a ciki, 712 suka kamu, kuma kusan rabinsu ba sa jin komai a ranar da aka gwada su. Wasu daga baya suka fara tari, wasu har suka mutu, wasu kuma suka sauka ba su san an yi ba. Wato kalmar hoton rana ɗaya ce. Mai rawa a bidiyon ranar Talata ba shi da takardar shaidar ranar Asabar.

Kuma kuna da gaskiya a wani wuri, ku riƙe ta da kyau tunda ba kullum kuke samu ba. Ba duk abin da na'ura ta hango ne ciwo ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar tarin fuka, amma a mafi yawansu tana kwance, ba ta damunsu, ba sa harbin kowa, kuma ƙalilan ne za ta tashi a jikinsu. A Koriya ta Kudu, da aka sauƙaƙa hoton sikanin wuya, sai aka shiga gano sankarar ƙullutun nan na gaban maƙogwaro, wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Zuwa 2011 adadin da ake ganowa ya ninka na 1993 sau 15, aka yi wa dubbai tiyata, amma yawan masu mutuwa da cutar bai motsa ba. An yanke wa mutane abin da da an bar su da shi za su tsufa su mutu da wani dalilin. Mu ma nan muna da namu. Ka shiga wani ɗakin gwajin da ƙafarka, ko rakiya ka yi, da wuya ka fito ba a rubuta maka "maleriya da taifot" ba. Gwajin Widal da ake dogara da shi tun 1896 yake, kuma ba ƙwayar yake gani ba, sawun faɗan da jiki ya taɓa yi yake gani, wanda kan iya zama na bara ko na wani zazzaɓin daban. Haka ake ɗora wa mutane allurai da ƙwayoyin da ba sa bukata. Ita ma Mary, zalunci ya shiga lamarinta. Kafin ta mutu hukumomin New York sun san masu ɗauke da taifot irinta wajen 400, ba su kulle su haka ba. Ita baƙuwa ce, talaka, mai faɗa, ba ta da kowa.

Amma kada murna ta yi yawa. Don an yi wa wani tiyatar banza a Koriya ba shi ne zai sauke maka jini a Sabon Gari ba.

Ga inda nake son in tsaya da kai, Alhaji, hawan jini. Na san abin da za ka ce: kai kana sanin in jininka ya hau, ƙeyarka ce take riƙewa. Ƙeyarka tana riƙewa in ka kwana a kan lissafi, in yara sun ɓata maka rai, in ka yi wuni a rana. Wani lokaci ta dace da hawan jinin, wani lokaci ba ta dace ba, kai kuwa ranakun da ta dace kaɗai kake tunawa. Mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta manya sama da biliyan ɗaya ne ke da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Dalilin shirun ba wani abin mamaki ba ne. Matsin yana ƙaruwa ne a hankali cikin shekaru, bangon jijiyoyi yana kauri yana tauri, zuciya tana ƙara tsoka don ta iya turawa, ƙananan matatun ƙoda suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Babu ɗaya a cikinsu da ke da hanyar aiko maka da saƙon zafi. Aikin gara ne a cikin azara: daga ƙasa rufi lafiya lau, har an yi masa farar ƙasa, sai ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi. Ranar ce za a ce "jiya-jiya muka yi sallar isha'i da shi", a fara neman wanda ya yi jifa, a tuna kishiya, a tuna abokin gaba na kasuwa.

In zai sanyaya maka rai, likitocin duniya ma sun daɗe a ƙungiyarka. Har tsakiyar ƙarnin da ya wuce da yawansu suna ganin hawan jini a tsofaffi abu ne da jiki ke bukata don jini ya ratsa tsofaffin jijiyoyi, a bar shi kawai. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya yi shekaru jininsa yana hawa a gaban idon likitocinsa. Ranar 12 ga Afrilu 1945, yana zaune ana zana hotonsa a Warm Springs, ya ce yana jin matsanancin ciwo a kansa, ya kife. Da aka auna, 300 bisa 190. Jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa, ya rasu a ranar yana da shekara 63. Ka ga jiki ya gaya masa kam, amma saura awanni. Sai a 1948 aka fara wani bincike a garin Framingham da ya bi dubban mutane shekara da shekaru, sannan a 1967 gwajin da Edward Freis ya jagoranta a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka ya nuna ƙarara cewa sauke jini mai tsanani da magani yana hana shanyewar ɓarin jiki da mutuwa. Su sun fita daga ƙungiyar tun kafin a haifi yawancinku. Ku kuka gaji kujerun.

Hanta ma haka take, ba ta da ƙorafi. Masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B a duniya sun kai miliyan 254 a ƙiyasin 2022, kuma waɗanda suka san suna da shi ba su wuce kashi 13 cikin 100 ba. A ƙasashenmu yawanci tun ana jariri ko ana yaro ake ɗauka, daga uwa wajen haihuwa, ko ta aska da reza da ake yi wa yara da yawa aiki da ita. Sai ya yi shekara talatin, arba'in bai ce uffan ba. Ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, aka fara jiƙa saiwoyin shawara, sau da yawa aikin gama ya gama. Shi ya sa ake son a yi wa jariri allurarsa cikin awa 24 da haihuwa, tun kafin a yanka ragon suna. Shi ya sa kuma Kano ta yi doka a 2024 ta gwaji kafin aure, wanda ya haɗa da ciwon hanta da ƙanjamau da rukunin jini na sikila. Ango da amarya masu AS su biyu, kowa sumul, kowa yana sheƙi a hoton kafin biki, amma kowane ciki da za a ɗauka yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Na ji masu cewa dokar ta shiga sharo ba shanu. Ku tambayi uwar da ta kwana a tsaye tana danna wa yaro ƙafa yana ihu.

Ido kuwa ya fi kowa iya rufa asiri. Hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gulokoma, daga gefe yake fara ci, ɗayan idon yana cike giɓin, ƙwaƙwalwa tana ƙarasa hoton da abin da ta zata. Mutum yana karanta jarida garau alhali rabin filin ganinsa ya tafi, sai dai ya yi ta karo da ƙofa yana zagin kafinta. Abin da ya tafi ba ya dawowa, saɓanin yanar ido da ake cirewa a gani. Wanda ya haura arba'in, musamman in a danginsu akwai wanda ya makance da girma, a duba masa matsin ido.

Saura hujjarku ta ƙarshe, wadda Hajiya ke ajiyewa a ƙasan adaka: in aka auna aka gano, tunani ne zai kashe ni, gara ban sani ba. Hajiya, ke da kike kwance ƙullin kuɗin adashi sau uku a rana kina ƙirgawa ko sun cika? Ba ki taɓa cewa gara ban sani ba. Kuma abin da ake nema a wurinki bai taka kara ya karya ba. Awon jini ko allura babu. Ki je kemis ko asibitin unguwa, ki bar goro da shayi da kofi rabin awa kafin nan, ki zauna minti biyar bayanki a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kuma, wannan ne mai wuyar, ki yi shiru har na'urar ta gama. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita a wata ranar daban. In ya ci gaba da nuna 140 bisa 90 ko sama, to sai likita. A rage gishiri, wanda bai kamata ya wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya a yini ba, kuma da dunƙulen miya a cikin lissafin, ba wai a cire gishiri a ninka magi ba.

Kai kuma Alhaji, in aka ɗora ka a kan magani, ga abin da na san za ka yi. Za ka sha na wata ɗaya, a auna a ga ya sauka, ka ce ka warke, ka ajiye sauran a kan firji don baƙo. Kafin ka fara sha ba ka jin komai, kana sha ba ka jin komai, ka daina ba ka jin komai, to da wane ma'auni ka gane warkewar? Maganin ne ya riƙe shi a ƙasa, ka saki ya koma inda yake. In ƙwayar tana sa ka tari ko yawan fitsari ko wani abin da kake jin nauyin faɗa a gaban nas, ka faɗa wa likita a canza maka, iri-iri ne.

Kuma don Allah, da kanka za ka je. Kada ka aiki yaron shago a auna shi ya kawo maka sakamako.